YARO MAI YUNWA DA TSUTSAR CIKI BA YA ƊAUKAR KARATU

CIKIN watan Janairu na shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da shirin ciyar da 'yan makarantun firamare, tare da sauran shirye-shiryen taimakon talakawa, saboda zargin almundahana a hukumar da ke kula da su. Tun daga lokacin an sha yin alkawarin maido da shi. Duk sa'ad da maganar ta taso, sai gardama ta tsaya kan kuɗi: nawa za a kashe, wa za a bai wa kwangila, wace jiha za ta fara. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne ko wane hali jikin yaron yake ciki, da kuma ko makarantar tana koya masa abin da zai kare jikin nan nasa.

An fara gwada ciyar da yara a makarantu cikin 2005 a waɗansu jihohi, amma yawancinsu suka yar da shi, Jihar Osun ce ta riƙe. A Arewa kuwa Jihar Kano ta yi nata da kuɗinta. Cikin 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta sake kafa shi don ƙasa baki ɗaya, ana ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa aji uku kan Naira 70 ga kowane yaro kowace rana, daga baya aka mai da shi Naira 100. Gwamnati ta ce yaran da suka amfana sun wuce miliyan 9. Amma bayan an janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo, har ƙwai guda ya wuce Naira 100 ɗin nan. Watau ko da ba a dakatar da shirin ba, tsada ta riga ta cinye shi.

Girman Matsalar

Binciken lafiyar jama'a da gwamnati ta yi cikin 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. A jihohin Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Waɗannan yaran su ne suka cika azuzuwan firamare cikin shekarun da suka biyo baya. Tsumburewa kuwa ba a tsawon jiki kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da ya fito gida bai karya ba, kafin ƙarfe goma hankalinsa ya bar allo ya koma kan mai tallan ƙosai a bakin ƙofa.

Bayan yunwa akwai masu cin abincin yaron tun daga cikin cikinsa. Akwai tsutsar da ke shiga ta hannu mai dauɗa da abincin da ƙuda ya hau. Akwai wadda ke huda tafin ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi a inda ake bayan gida a fili, ta maƙale cikin hanji tana shan jini, yaro ya yi fari fat, kullum yana gyangyaɗi a aji. Sa'an nan ga tsargiya, watau fitsarin jini, wadda ta yi katutu a garuruwan da ke bakin tafki da fadamu da magudanan noman rani, irin waɗanda suka yawaita bayan gina madatsun Tiga da Bakolori cikin shekarun 1970. A waɗansu ƙauyuka har ana ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya fara zama namiji ne. Duka waɗannan suna da magani mai arha, ƙwaya ce ake haɗiya sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma ana rarraba ta a makarantu. Sai dai in an ba yaro ƙwaya yau, gobe ya koma kududdufin da ya ɗauko ciwon, an yi aikin baban giwa.

Darasin Kurkunu

A nan ne ilmin sanin halittu ya shigo. Mutane da yawa suna ɗaukarsa darasi ne na haddace sunayen sassan fure da Turanci don cin jarrabawa. Labarin kurkunu ya isa ya nuna musu kuskurensu.

Cikin 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya. Ciwon ba shi da allurar rigakafi, ba shi da maganin sha. Abin da ya kashe shi sani ne. An fahimtar da mutanen karkara cewa 'ya'yan tsutsar suna zaune ne cikin wani ɗan ƙwaron ruwa da da ƙyar ido ke ganinsa. In mutum ya sha shi cikin ruwan tafki, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon kusan yadi ta ɓullo masa a ƙafa. In kuma ya tsoma ƙafar cikin tafkin don ya ji sanyi, sai ta zuba sababbin 'ya'ya. Da jama'a suka gane haka, suka riƙa tace ruwa da ƙyalle, suka hana mai ciwon shiga tafki. Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter sun yi ta yawo ƙauyuka kan wannan aiki. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar an raba Nijeriya da shi cikin Disamba 2013.

Tsargiya ma haka take. Ƙwayayenta suna fita cikin fitsari, su ƙyanƙyashe a ruwa, su shiga jikin ƙananan dodon koɗi su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar mai wanka. Yaron da malaminsa ya nuna masa dodon koɗin nan da idonsa zai san dalilin da ya sa ake hana fitsari a tafki. Haka kuma sauro. Nijeriya ita kaɗai tana da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro na duniya. In malami ya ɗebo ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya, ya zuba a kwalba ya rufe bakinta da ƙyalle, cikin mako ɗaya zuwa biyu yara za su ga 'yan tsutsotsin da ke wutsil-wutsil ciki sun zama sauro. Gani ya kori ji. Wannan darasi bai bukatar ɗakin gwaji, bai bukatar lantarki, kuma yaron zai kai shi gida wurin uwarsa.

Yadda Aka Yi Sake

Dattawan da suka yi elementare zamanin En'e sun san ana duba farce da haƙora da kai kowace safiya, kuma da wuya a sami makarantar da ba ta da 'yar gonarta. Makarantun sun yi kaɗan ainun, wannan gaskiya ne. Da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta na UPE cikin Satumba 1976, an yi shirin karɓar yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo. Aka ɗebo malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna cikin shekarar don a cike giɓi, amma yawan yara ya fi ƙarfin shirin. Da kuɗin mai ya ja baya farkon shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makara wata da watanni. Malamin da ke gaban yara ɗari, bai kuwa ga albashi ba, ba zai fita da su duba saiwar wake ba. Zai rubuta a allo ne su kwafa.

Cikin Satumba 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya buɗe shirin UBE a Sakkwato. Dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, da sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Jihohi da yawa sukan bar rabonsu ya yi shekaru a ajiye don sun kasa kawo nasu. Abin da aka karɓa kuwa galibinsa kan gini da fenti yake ƙarewa, domin nan ne kwangila take. Rijiya da masai da gonar makaranta ba su da mai tsaya musu. A birane kuma filayen makarantu da dama an yanka su an yi shaguna.

Ga kuma batun harshe. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida a shekarun farko. Gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya fara a Ife cikin 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har ma a Turancin. Cikin 2022 gwamnati ta amince da harshen gida har aji shida, amma cikin Nuwamba 2025 Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan a koma Turanci. Kowace manufa ta tsaya, abu guda ba ya sakewa: ɗan manomi ya zo makaranta ya riga ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya san wuta-wuta tana kashe dawa, ya san babansa yana haɗa gero da wake. Aikin malami shi ne ya ɗora a kan wannan, ya tuge wake ya nuna masa 'yan ƙulle-ƙullen saiwarsa masu ƙara wa ƙasa taki. In aka fara da baƙon suna a baƙon harshe, sai yaro ya ɗauka kimiyya abin Turawa ce, ba ta da dangantaka da gonar gidansu.

Masu Ja Da Baya

Akwai iyayen da za su ce ba noma suka aika ɗansu ya koyo ba, noma yana nan a gida. Suna da hujja. An sha ganin shugabannin makarantu suna kwasar yara zuwa gonakinsu na kansu, ko su sayar da amfanin gonar makaranta su zuba a aljihu. An kuma mai da nome ciyawa horon mai laifi, har yara suka tsani fartanya. Wannan laifin masu riƙon amana ne, maganinsa kuwa shi ne a sa gonar a hannun ƙungiyar iyaye da malamai, a rubuta abin da aka girbe, a kuma tabbatar cikin tukunyar yara ya shiga.

Lalle ne kuma a faɗi gaskiya: 'yar gonar makaranta ba za ta ciyar da yara ɗari biyar ba. Hatsi da mai da ƙwai tilas gwamnati ta saya. Amma shingen zogale da 'yan kunyoyin alayyafo da kuɓewa da rama za su gyara miya, su kuma zama littafin da yaro zai taɓa da hannunsa. Haka nan ba za a yi maganar fita da yara daji ba a inda tsoro ya hana su zama cikin aji. Satar yaran Kuriga a Jihar Kaduna cikin Maris 2024 ta nuna tsaro shi ne kan gaba.

Abin Da Ya Kamata

Cikin Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Firamare kuwa ita ce makarantar da ta fi kusa da su. Saboda haka jama'a suna da ikon tambayar shugaban ƙaramar hukumarsu abubuwa huɗu: makarantu nawa ke da ruwan sha, nawa ke da masai na maza daban na mata daban, yaushe aka ba yara maganin tsutsa, kuma ina filin makarantar ya tsaya. Jihohi su biya nasu kason su karɓo kuɗin UBE, su ware wani abu don horar da malamai yadda ake koyar da kimiyya da gwangwani da kwalba da irin shuka. Gwamnatin Tarayya kuma, duk shirin ciyarwar da za ta yi, ta sa kuɗin da ya dace da kasuwa, ta sayi abincin wurin manoman garin, ta haɗa shi da rabon magani.

Yaran da suka shiga aji ɗaya cikin 1976 yau su ne ke riƙe da ma'aikatu da majalisu. Sun san abin da firamare ta yi musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jikokinsu kuwa ba za su tsaya jiran a gama gardamar kwangila ba. Allah ya sa masu iko su ji.