Dunduniyarka Ba Ta Goce Ba

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi, duk ciwon da ya sauka ƙasa da gwiwa suna biyu ake ba shi: ko targaɗe, ko gocewa. Maganinsa ma biyu ne: a kai ka wurin maɗori ya ja ƙafar, a biya ta kemis a karɓo maka haɗi. Mu da muke tagar ba da magani a asibiti mu ke ganin inda wannan hanya take ɓullewa. Mafi yawan masu ciwon dunduniya babu abin da ya goce musu, haɗin nan kuma ya fi ciwon haɗari.

Ka farka da asuba, ka sauke ƙafa za ka yi alwala, sai ka ji kamar ka taka ƙaya. Ka ɗingisa zuwa masallaci, ciwo ya lafa. Ka zauna hira ka miƙe, ya dawo sabo. Wannan ba aikin ƙashi ba ne. Akwai wata jijiya mai faɗi da tauri da ta shimfiɗu a tafin ƙafa, daga dunduniya zuwa gindin yatsu, tana ɗaure kamar tsirkiyar baka. Wuni a tsaye kan daɓe wurin surfe da daka, bin garma tun safe, tafiya kasuwa da kaya a ka cikin silifas da ya siɗe, da nauyin jiki, su ke gajiyar da ita har ta ƙwanzabe a inda ta manne da ƙashi. Ƙasusuwan ƙafar 26 suna nan daram a mazauninsu. To, me maɗori zai mayar?

Maganin ba shi da kwarjini, shi ya sa ake raina shi. Kafin ka taka ƙasa da safe, ka miƙe ƙafa, ka zarga rawani ko ɗankwali a ƙasan yatsu, ka jawo su wajenka a hankali na daƙiƙa 30, sau uku. Ka dinga murza tafin ƙafa a kan kwalba. Ka nemi takalmi mai kaurin ƙasa da taushi, ka daina yawo ba takalmi a kan daɓe. Sauƙi yana zuwa, amma da watanni ake lissafinsa, wani har shekara.

Idon sawu kuwa, wanda kan gurɗe a kan kunyar gona ko a faɗuwar babur, yana da ma'auni da likitocin Ottawa ta ƙasar Kanada suka fitar a 1992. In ba ka iya taka ƙafar taku huɗu ba, ko kuwa in an danna kan ƙashin idon sawun kansa ka ji zafi, sai an ɗauki hoto kafin kowa ya ja ta. In ba haka ba, mai yiwuwa targaɗe ne: hutu, ɗaga ƙafa, ruwan sanyi, ɗauri sassauƙa. Idan kuma har an riga an ɗaure ta da karare, ka sa ido kan yatsu. Suka yi sanyi, suka canza launi, suka daina ji, ko zafi ya riƙa ƙaruwa, to jini ya daina isa; a kwance nan take, a nufi asibiti. Awoyi ne tsakanin wannan da rasa ƙafa. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959 saboda irin wannan.

Na san dalilin zuwa wurin maɗori. Yana kusa, an san kakansa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, ba kuɗin mota, ba layin kati. Masu zuwa ba wawaye ba ne. Sai dai hannu, kome gadonsa, ba ya gani ta cikin fata. Wani zai ce ai Turawa ma suna da masu ja da matsa. Gaskiya ne: wani Ba'amurke, Andrew Taylor Still, ya kafa hanyar da ake kira ostiyofati a 1874. Amma a Ingila, bisa dokar 1993, ba mai kiran kansa da wannan suna sai ya yi karatu an yi masa rajista, kuma an koya masa ya gane ciwon da ba na hannunsa ba ne, ya tura shi gaba. Masu irin wannan aiki a wurinmu su ne ma'aikatan gashin ƙashi na asibiti. Mai ciwon sukari da ƙafarsa ta daina ji, ko mai ciki da sawunta biyu suka kumbura, ko dattijon da zuciya ko ƙoda ta tara masa ruwa, ba mai jan da zai amfane su.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Ka kwance ƙullin ledar nan ta kemis, sau da yawa za ka tarar da diclofenac, ibuprofen da piroxicam tare. 'Yan gida ɗaya ne. Haɗa su ba ya ninka sauƙi, ɓarna yake ninkawa: gyambon ciki, aman jini, hawan jini, lalacewar ƙoda, balle ga manomin da ya wuni cikin rana bai sha ruwa ba. Sannan ga 'yar ƙaramar ƙwayar nan, dexamethasone ko prednisolone. Ita ce ke sa ka ce mai kemis ya iya, domin kwana ɗaya ciwo ya yi shiru. In aka lizimce ta, sai fuska ta cika a ce ka yi ƙiba, sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, miki ya ƙi warkewa. An rufe bakin ciwo, kai kuma ka koma gona kana ƙara yaga abin da ke neman hutu.

Akwai wanda ma ba a kawo shi a rai. Ciprofloxacin, da ake sha kamar gyaɗa da sunan taifot, yana iya kumbura agara, jijiyar bayan dunduniya, har ta tsinke. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan haka a 2008, kuma haɗarin ya fi ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan irin su dexamethasone. In agararka ta fara ciwo kana cikin shan sa, ka dakatar, ka huta da ƙafar, ka ga likita a ranar. Kada a ja ta.

In zafi ya matsa, farasitamol ya isa farawa, kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24, ko a shafa man diclofenac a wurin. Wanda kuma ya yi makonni yana shan haɗi, kada ya yanke shi rana ɗaya, domin barin dexamethasone farat ɗaya na iya kayar da mutum. Ya tattaro ledojin duka, har da ragowar ƙwayoyin, ya kawo su asibiti a duba, a tsara masa yadda zai rage.