Launin da Ya Tsallake Ɗa Ya Faɗa kan Jika

Wani yaro a unguwarmu, nan Mai Wurno, yana kiwon kifin ado a akwatin gilashi, irin ƙananan nan da ake kira gupi, dangin gambuziya da aka zuba a magudanan ruwan Jazira domin ta cinye tsutsar sauro. Kwanakin baya ya zo mini ransa a ɓace. Ya sayi namiji zabiya, fari mai jajayen idanu, ya haɗa shi da mace mai ruwan toka, amma 'ya'yan duka suka biyo uwar. Ya ce: "Baba, mai kifin nan ya cuce ni." Na ce masa ya yi haƙuri, ya ware 'ya'yan su girma su hayayyafa a tsakaninsu. Bayan 'yan watanni sai ga zabiyoyi a cikin jikoki, kusan ɗaya a cikin kowane huɗu.

Abin da yaron nan ya gani ilimi ne tabbatacce. Kowane kifi yana karɓar ƙwayar gado biyu a kan wannan siffa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ƙwayar ruwan toka mai rinjaye ce, ta zabiyanci kuwa mai lafewa ce, ba ta bayyana sai ta haɗu da irinta. 'Ya'yan farko duk suna ɗauke da ita a ɓoye, jikoki ne suka tona asirin. Gregor Mendel ya gano wannan ƙa'ida a lambunsa na birnin Brno, a ƙasar Cek ta yau, ya kuma wallafa ta a 1866. Da ya haɗa wake mai fure shuɗi-ja da mai farin fure, farin ya ɓace a zuriyar farko, sannan ya dawo a ta biyu: 224 farare, 705 masu launi.

Ra'ayina shi ne, ya kamata a koyar da wannan darasi a kowace makaranta ta ƙauyukanmu, daga Sinnar zuwa Sinja har Damazin, domin jahiltarsa tana cin mutuncin mata. Mun sha gani: an haifi jariri ya fi iyayensa haske ko duhu, ko ya zo zabiya, kafin ranar suna tsegumi ya gama gari. Wasu su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wasu su ɗora wa aljanu, wasu su zuba wa uwar ido irin kallon da ya fi zagi ciwo. Akwai auren da irin wannan kallo ya kashe.

Alhali kuwa zabiyanci a jikin ɗan Adam yana bin hanyar da ya bi a akwatin yaron nan. Sai uba da uwa duka biyu suna ɗauke da ƙwayar, ko da babu alamarta a jikinsu, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Rabin gadon daga wajen uba ya fito. Auren zumunci, wanda muke yawan yi, yana ƙara damar haɗuwar ƙwayoyin biyu. Hasken fata da duhunta kuma ƙwayoyi masu yawa ne ke haɗuwa su tsara su, shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya suke bambanta. Mu da kakanninmu suka biyo hanyar Hajji, wasu suka iso bayan yaƙin Burmi na 1903, Hausawa da Fulani da Barebari suka yi ta auratayya da juna da maƙwabta fiye da shekara ɗari, wane launi ne zai ba mu mamaki?

Wani zai ce mutum ba kifi ba ne, kuma bai dace a kwatanta su ba. Gaskiya ne darajarsu ba ɗaya ba ce, amma misali da dabba a wannan mas'ala yana da asali. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana shakkar ɗansa saboda ya fito baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, da yadda mai ruwan toka ya samu a cikin jajaye. Da ya danganta abin ga wani kakan raƙumin, aka nuna masa cewa ɗansa ma haka ne, ba a kuma ba shi izinin kore shi ba.

Saboda haka ina kira ga malaman makarantu da su ajiye akwatin kifi a aji, yara su ƙirga zuriya da idonsu, su rubuta a littafi. Limamai kuma su riƙa tuna wa maza wannan hadisi. Iyayen da Allah ya ba zabiya su san cewa abin da yake bukata shi ne hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, inuwa a lokacin da rana ta take, kujerar gaba a aji, da likitan ido da na fata, domin ranar ƙasar nan tana yi wa fatarsa illa mai tsanani.

Yaron nan yanzu ya ware zabiyoyinsa a akwati na dabam, ya kuma gane cewa idan ya haɗa su da juna, zabiyoyi kawai za su haifa. Ya koma ya ba mai kifin haƙuri. Matan da aka zarga a banza su ma suna jiran nasu haƙurin. Allah ya sa mu gane, ya kuma tsare harsunanmu.