Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Darasi Daga Kyanwa

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, wato raina duk binciken da ba a ga amfaninsa nan take ba. Ni kuwa ina ganin wannan kuskure ne babba, kuma hujjata ita ce kyanwa.

A ƙasashen Turai da Asiya akwai wani tsiro ɗan dangin na'ana'a wanda Turawa ke kira katnif, masana tsirrai kuma su ce Nepeta cataria. Da zarar kyanwa ta shaƙi ƙamshinsa sai ta hau lasarsa, tana goga fuska, tana birgima kamar mai maye. Bayan minti 10 zuwa 15 abin ya sake ta. Ba kowace kyanwa ke yin haka ba. Kimanin biyu cikin uku ne, domin abin gado ne, kuma 'yan jarirai ba ruwansu da shi. Har damisa ma takan yi.

Wani zai ce, ina ruwan mai hankali da birgimar mage? To, a 1941 Samuel McElvain na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ya ware sinadarin da ke haddasa abin, wanda ake kira nefetalakton. Ta hanci yake shiga. A 2021 kuma ƙungiyar Masao Miyazaki ta Jami'ar Iwate a Japan ta yi nazarin matatabi, wani tsiron da ke da irin wannan tasiri. Suka gano cewa ƙamshin yana sa jikin kyanwa ya saki sinadarin endofin mai kawo jin daɗi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, kyanwar da ta shafi sinadarin, sauro ba ya yawan sauka a kanta. Ashe birgimar nan shafa maganin sauro ce! Dama tun a 2001 masana a Jami'ar Jihar Ayowa sun ba da rahoton cewa nefetalakton yana korar sauro ƙwarai a ɗakin gwaji.

To jama'a, wa ya fi mu bukatar wannan labari? Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma ƙananan yara ta fi kashewa. Gaskiya ne sauron da aka gwada a Japan ba shi ne mai yaɗa wannan zazzaɓi ba, kuma man ganye yakan gushe da wuri, don haka ba zai maye gurbin gidan sauro ba. Amma duk da haka hanya ta buɗe.

Ba cewa nake mu kama noman katnif ba. Ɗoɗɗoyar da ke bayan ɗakunanmu 'yar dangi ɗaya ce da shi, kuma mutanenmu sun daɗe suna korar sauro da ita. Ga darbejiya a kowace unguwa. Mu tuna cewa daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da atimisinin a 1972, maganin da ya ceci miliyoyin rayuka, ya kuma kai ta ga lambar Nobel a 2015. Daga tsofaffin littattafan magunguna na ƙasarta ta samo bakin zaren. Mu fa? Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Saboda haka ina kira ga ɗaliban kimiyyar tsirrai da na haɗa magunguna su zaɓi tsirran gida a binciken shekarar ƙarshe. Ɗaliban Hausa kuma su shiga ƙauyuka su rubuta abin da tsofaffi suka sani kafin ƙasa ta rufe musu ido. Ƙungiyar ɗalibai ta matsa wa hukumomi su wadata ɗakunan gwaji da kayan aiki. In an sami ɗalibin da ya kawo tambaya mai kama da shirme, a saurare shi kafin a yi masa dariya. Allah ya sa mu gane.