Jini Ya Zama Hajar Ƙofar Asibiti

Ya Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka, domin in bayyana wani al'amari da ya hana ni barci tun daren Talatar da ta wuce, lokacin da na tsaya a gaban tagar ɗakin ajiyar jini na wani babban asibiti, riƙe da takardar likita, jikana ɗan shekara bakwai yana kwance a sama, dasashinsa yana tsattsafo da jini saboda sankarar jini da ta kama shi. Ma'aikacin da na tarar, ba tare da ya ɗaga kai daga wayarsa ba, ya ce mini, "Baba, babu jini, kuma irin wannan ciwo ɓarnar jini ne kawai, ku koma gida ku yi addu'a."

Ɓarnar jini, Malam Edita! Ni da na shekara arba'in ina karantar da fiƙihu, ba yaron nan ne zai koya mini addu'a ba, alhali kuwa malamanmu sun karantar da mu cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali. Likitar da ke duba jikana, Allah ya saka mata, ta fahimtar da ni cewa illar a cikin ɓargo take, inda fararen ƙwayoyin jini marasa amfani suke hayayyafa har su danne masu kyau, kuma maganin da kansa yana ƙara rage jini, don haka ba makawa sai an riƙa ƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu wadata fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba. Ciwon ɗaya ne, ɓargon ɗaya ne. Tun shekarar 2001 aka fito da ƙwayar Glivec a Amurka, wadda masu wani nau'in wannan cuta suke sha kullum, su yi noma, su yi aure, su tsufa. Amma a nan an ce mini ɓarna ne.

Da na fito ƙofar asibiti sai ga dillalai sun kewaye ni, kowanne da nasa ramammen saurayi, suna ciniki a kan ledar jini ɗaya kamar ana cinikin akuya a kara, kuɗin da suka yanka kuwa ya kai na buhun masara. Shugabanninmu, waɗanda ko mura ta kama su sai Landan ko Alƙahira, ina za su san wannan kasuwa? Samarinmu kuma, da ke cika gidajen kallon ƙwallo har tsakar dare, ka ce su ba da jini fisabilillahi, sai su ce wai ƙarfinsu zai tafi.

Bayan sallar asuba ne tsofaffin ɗalibaina biyu suka zo suka bayar, aka ƙara wa yaron, har da hantsi ya nemi koko da ƙosai. Nan da mako uku za a sake zagayen magani, kuma tagar nan dai zan koma.

Wassalam,
Mai karanta jaridarka kullum.