Kafin Ka Sayi Injin Goge Gilashi, Duba Ruwan da Ake Wanke Motarka da Shi

Da ka tsaya kallon bidiyon mota sau ɗaya a TikTok ko Facebook, shi ke nan, za su yi ta turo maka irinsa. Ga gilashi duk tabon ruwa, wani ya ɗauko ɗan inji mai caji ko wata kwalba, cikin daƙiƙa 15 gilashi ya koma sabo fil, a ƙasa kuma ga inda za ka latsa ka yi oda. Ra'ayina shi ne, yawancin masu mota ba sa buƙatar wannan injin, kuma a hannun wanda bai iya ba, ɓarnarsa ta fi gyaransa.

Ba na raina matsalar. Da rana tabon nan kamar ƙyale-ƙyale ne, amma da dare, idan fitilar babbar mota ta haske ka, kowane ɗigo sai ya watsa hasken, ka kasa bambance mai babur da inuwa. Idan kana da kyamarar da ke ɗaukar hanya, hoton ma dishi-dishi zai fito, ranar da kake neman lambar motar da ta goge ka ba za ka iya karanta ta ba. Sababbin motoci da yawa kuma suna da kyamara a bayan madubin tsakiya, ta cikin wannan gilashin take kallon titi.

To me ke kawo tabon? Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, musamman kalsiyam da magnesiyam. Ruwan ya bushe, su kuma su zauna. Shi ne dai farin abin da kake gani ya daskare a gindin butar shayi, ɗan'uwan alli ne. Yanzu ka tuna yadda ake wanke mota a bakin titi: tsakar rana, gilashi ya ɗau zafi, a watsa ruwa, a wuce wata motar. Kafin a dawo da tsumma rana ta gama aikinta.

Tunda ka san asalinsa, maganin ba shi da wuya. Tsami yana narkar da irin wannan gishiri. Ruwan khal na girki, wanda tsaminsa yake kusan kashi 5 cikin 100, ya isa. Ka kai motar inuwa, ka bari gilashi ya huce, ka fara ɗauraye ƙura da ruwa mai yawa. Sai ka haɗa khal da ruwa mai tsabta rabi da rabi, ka jiƙa tsumma mai laushi, ka shimfiɗa a kan tabon na 'yan mintuna ba tare da ya bushe ba. Ka goge, ka ɗauraye, ka tsane nan take. Idan bai fita duka ba ka maimaita. Kada ka bar shi ya kwanta a kan fenti ko robar gefe.

Wayarka ma tana da amfani a nan. Da dare ka kunna tocilarta, ka haska gilashin ta gefe, sannan ka shafa da farce. Idan tabon ya ɗan taso, a sama yake, zai fita. Idan bayan khal har yanzu akwai zobe amma wurin sumul yake, to ya daɗe har ya ci gilashin. A nan ne masu tallar injin suke da gaskiya: tsami ba zai yi komai ba, sai an goge da wani gari da ake kira siriyam oksaid. Amma wannan aikin gwani ne. Gilashin gaba falle biyu ne da roba a tsakani. Idan ka tsayar da inji wuri guda ya yi zafi, zai iya tsagewa. Idan ka ci wani wuri fiye da wani, za ka riƙa ganin hanya a karkace, kuma wannan ba ya gyaruwa sai dai canji. Garin gyaran gira a rasa ido kenan.

Kwalaben da ke aiki kamar sihiri su ma abin tsoro ne. Wasunsu na ɗauke da asid mai filorayid, wanda ke cin gilashin kansa, ya kuma ratsa fata ya yi mummunan lahani. Duk kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ka bar wa mai ita kayansa. Haka samfefa da soson tukunya, ba su da hurumi a jikin gilashi. Reza kuwa kada ta taɓa ɓangaren ciki, domin a nan ake manna baƙar leda, a nan kuma siraran layukan da ke ɗumama gilashin baya suke. Da hunturu kada ka kunna waifa a busasshe ko ka share ƙura da busasshen tsumma, saboda yashin da ke cikin ƙura ya fi gilashi tauri. Khal ɗin nan kuma na mota ne, ban da fuskar waya, wadda ke da shafi na musamman mai hana maiƙon yatsa kamawa.

Idan lallai hannunka na ƙaiƙayin sayen na'ura, sayi ƙaramar mitar TDS, mai kama da biro. Ka tsoma ta a ruwa, ta nuna maka yawan abin da ya narke a ciki. Gwada ruwan burtsatsen unguwarku, sannan ka gwada wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, za ka ga tazara. Ka riƙa tara na biyun a jarka don ɗaurayar ƙarshe.

Sauran aikin kuma na baki ne. In ka je wurin wanki, ka ce wa yaron ya ja motar inuwa, ya kuma tsane gilashi kafin ya koma kan tayoyi. Ka ɗan ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa, zai tuna da kai a zuwa na gaba.