BUƊIN WASA BA HADDA BA NE

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu buga ces, watau darar nan ta Turawa, a wannan kwaleji tamu.

Abin da ya dame ni shi ne, na ga mun mai da buɗin wasa kamar haddar jadawalin sau. Sai mutum ya haddace motsi goma, ya zuba su kamar ruwa, da abokin karawa ya kauce daga littafi sai ya yi zuru. Ni ma na sha yin haka, har wani ɗan aji ɗaya ya taɓa kunyata ni gaban jama'a.

To, ku dubi wasa na 6 da Bobby Fischer na Amurka ya yi da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet a birnin Reykjavik, cikin 1972. A ma'aunin gwanaye Fischer na da maki 2785, Spassky 2660, amma Spassky ke riƙe da sarautar ces ta duniya. Kowa ya san Fischer da tura dakaren gaban sarki, e4, kusan kullum. Ran nan sai ya tura c4. Wasa ya juya ya koma buɗin nan na ɓangaren sarauniya, Spassky kuwa ya shiga tsaron Tartakower, wanda ya sani kamar yunwar cikinsa. Watau Fischer ya bi mutum har gida.

Waɗansu na cewa mamaki ne ya ka da Spassky. Ni ban yarda ba. Motsi na 14 da Fischer ya yi ba sabo ba ne, Furman ya riga ya yi wa Geller shi a 1970. Geller ɗin kuma, wanda ke cikin mataimakan Spassky, ya nuna maganinsa a 1973, ya ci Timman da shi. Ashe ba buɗin ne ya ci wasan ba. A motsi na 20 Fischer ya tura e4, ya dagula dakarun Spassky na tsakiya, ya yi ta matsa shi a hankali har ya sallama bayan motsi na 41. Spassky da kansa ya taya 'yan kallo tafi.

Saboda haka ina ba shugabannin ƙungiyarmu shawara, kafin gasa mai zuwa a rage hadda. Duk wanda ya motsa ɗa a wajen gwaji, a tsai da shi a tambaye shi dalili, kamar yadda malamanmu ke tsare mu da tambaya in mun fita gwajin koyarwa.