CIWON MASU ARZIKI NE KO KUWA RASHIN LISSAFI?

A bayan tumbin ɗan Adam, kusa da saifa, akwai wata 'yar halitta da likitoci su ke kira fankiriyas. Ita ke fid da ruwan narka abinci, da kuma insulin mai daidaita sukari cikin jini. Ciwon dajin da ke kama ta yana cikin mafi muni duka, gama ba ya nuna kansa sai ya yi nisa. Ko a Amurka, inda kayan aiki su ke birjik, cikin mutum 100 da ya kama, kamar 13 ne su ke kai shekara 5 da rai.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 ya kama mutum wajen 496,000, ya kuma kashe wajen 466,000. Lissafin ya nuna ƙasashen da su ka ci gaba sun ninka matalauta sau 4 zuwa 5. Hangare da Urugwai da Japan suna sahun gaba, Afirka kuwa tana can ƙasa.

To, wani zai ce madalla, ashe talauci ya yi mana rana. Mu dai ba mu yarda da wannan ba.

Gaskiya ne akwai dalilai. Ciwon nan ya fi kama wanda ya haura shekara 65, ga shi kuwa a Japan tsawon rai ya wuce 80, a Nijeriya bai kai 60 ba. Sa'an nan shan taba yana ninka haɗarin, haka kuma ƙiba da ciwon sukari da yawan giya suna ƙara shi, waɗannan kuwa sun daɗe da zama a Turai.

Amma akwai abin da lissafi ba ya faɗa. Ba a gane ciwon nan sai da na'urar ɗaukar hoton ciki da likita gwani. Mutumin ƙauye in idonsa ya yi rawaya, ya rame, ciki na ciwo har gadon baya, sai a ce shawara ce, a yi ta jiƙe-jiƙe. In ya cika a yi jana'iza ran nan, ba wanda ya rubuta sanadi. An buɗe rajistar masu ciwon daji a Ibadan tun 1960, amma irinta ba ta game ƙasa ba. Wanda ba a ƙirga ba, ai ba a ce ya tsira ba.

Ban da haka, abincin birni da zaman kujera suna yaɗuwa, ciwon sukari yana ƙaruwa. Kada mu gaji cutar masu arziki alhali ba mu gaji asibitocinsu ba.

Saboda haka muna roƙon hukuma ta yawaita rajista da na'urori a manyan asibitoci, ta kuma tsananta dokar taba ta 2015. Ku akawuna, rubuta mutuwa da sanadinta aiki ne babba, kada ku raina shi. Ku malamai, ku tsoratad da yara daga taba, ku gaya wa iyaye shawarar da ta zo wa dattijo tare da rama, asibiti za a kai ta da wuri. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.